Direban da Ba Ya Sa Takalmi

Sandar kiwo, ta karye biyu. Malfa. Takalmin roba ƙafa ɗaya. Butar duma da sauran ruwa a ciki. Guntayen gilashin fitilar mota a cikin ambulan. Sai gawa, lulluɓe da zanen matarsa.

Kayan da motar 'yan sanda ta ɗauko ke nan daga hanyar Katagum, ta nufo cikin Azare ranar Juma'a, bayan an daɗe da watsewa daga masallaci. Sufeto Ikrima na gaba, gefen direba. A baya matar mamacin ce zaune kusa da gawar, Kofur Hidaya na riƙe da kafaɗarta. Sunan matar Saliha. Mijin kuwa Bubayero, makiyayi ne daga wata ruga da ke bakin hanyar.

Ba abin da aka ɗauko ne ke damun Ikrima ba. Abin da bai samu ba ne. Ya bi kwaltar nan sama da ƙasa, bai ga sawun birki ba ko taƙi ɗaya. Hanya miƙaƙƙiya, rana tsaka, shanu farare tas suna tsallakawa. Duk mai ido zai hango su tun daga nesa.

A harabar asibiti, bayan an shiga da gawar, ya tsuguna gaban Saliha ya juya harshe zuwa Fulatanci.

"Kin ga motar?"

"Na gan ta. Baƙa ce, babba. Ina dawowa daga tallan nono, ina can nesa."

"Wa ke ciki?"

"Gilashinta ma baƙi ne. Ban ga kowa ba."

"Da ta zo kusa da shanun, ta rage gudu?"

"Ƙarawa dai ta yi. Sai da ta yi wani ƙugi, kamar an zuga ta."

"Daga nan fa?"

"Ta tsaya can gaba. Na ce yanzu za su fito su ɗauke shi. Ba wanda ya fito. Sai ta juya ta koma Azare. Ta gefensa ta wuce."

"Lokacin yana da rai?"

"Har na iso yana magana. Ce mini ya yi in tare shanun, kar su shiga gonar mutane."

Likitan da ya duba gawar bai ja magana ba. Jijiyar cinya ce ta tsinke, jini ya yi ta zuba har ya ƙare. Da an kawo shi a kan lokaci, in ji shi, da ɗinki kawai za a yi.

Ikrima ya koma ofis bayan la'asar, ya tarar da wata baƙar jif ta tare bakin ƙofa. Fitilarta ɗaya a fashe. Ya fito da guntun gilashi daga ambulan ya kara a gurbin. Ya zauna daram.

Mai motar na ofishin Di-Pi-O, an kawo masa ruwan sanyi. Alhaji Sherif ke nan, dillalin riɗi, wanda mahaifinsa ya zo daga Borno ya kafa gida a Azare. Ba wanda bai san shi ba a garin.

"Ikrima, aikinka ya zo da sauƙi," in ji Di-Pi-O. "Alhaji da kansa ya kawo direbansa. Ya amsa."

"Abin ya dame ni ƙwarai, Sufeto," Alhaji ya ce. "Yaron nan ya daɗe a gidana. Amma rai ba abin wasa ba ne, na ce dole mu zo."

Wanda ya kira yaro dattijo ne, siriri, gemunsa ya fara fari. Sunansa Talha. Yana zaune a benci bayan kanta, hannuwa a tsakanin gwiwoyi, ƙafafunsa cikin baƙin takalmi sau-ciki mai ƙyalli. Ikrima ya ja shi ɗakin bincike ya tura ƙofa.

"Ina za ka?"

"Katagum, Yallaɓai. Ɗauko mahaifiyar Alhaji, saboda bikin gobe."

"Bikin wa?"

"Munira, 'yar Alhaji. Gobe ɗaurin aure."

"Ana sallar Juma'a, kai kana kan hanya?"

"Matafiyi ne ni, Yallaɓai."

"Me ya faru?"

"Na hango shanu. Na taka birki. Takalmina ya zame ya faɗa kan totur. Kafin in janye na buge shi."

"Ka tsaya?"

"Tsoro ya kama ni, na juyo."

"Me ke kan mutumin?"

"Na'am?"

"A kansa. Hula ce, rawani ne, ko ba komai?"

"Ban lura ba, Yallaɓai."

Ikrima ya sa ya maimaita labarin daga farko. Ya maimaita, kalma ba ta canja wuri ba, kamar mai biya hadda. Da ya zo kan takalmi har ɗaga ƙafa ya yi ya nuna ƙasansa: fata ce sumul, ba ko zane.

A baranda Di-Pi-O ya tare shi. "Mutum ya amsa laifinsa da bakinsa. Rubuta, Litinin a kai shi kotu. Na sallami Alhaji, yana da baƙi."

Ikrima ya san abin da kotu za ta yi da mutumin da ya kaɗe rai ya gudu ya bar shi yana zubar da jini. Mai shekarun Talha, in ya shiga gidan yari, ba lalle ya fito da ƙafarsa ba.

Ya ɗauki makullin jif daga kanta, ya fito da Talha waje, ya cilla masa.

"Motar nan ta tare mana ƙofa. Mai da ita ƙarƙashin darbejiyar can."

Talha ya buɗe ƙofa ya zauna a gefen kujera, ƙafafu a waje. Bai ko duba ƙasa ba, ya sa dunduniya ya zare takalmin hagu, ya zare na dama, ya tura su ƙarƙashin kujera. Ya yi bisimilla, ya ɗora babban yatsan ƙafarsa a kan birki. Motar ta ja baya a hankali, ta kewaye babur ɗin wani Saja, ta tsaya cikin inuwa ba tare da ta ko girgiza ba.

Sai da ya kashe ta, ya sunkuya zai jawo takalmin, sannan ya ga Sufeto tsaye a kansa. Hannunsa ya tsaya cak.

"Kullum haka kake tuƙi?"

Talha ya janye hannunsa daga takalmin.

"Malam Talha, ba a kan cire takalmi na tsare ka ba. Tambaya na yi."

"Tun ina yaron mota," Talha ya ce a hankali. "Maigidana na farko ba ya barin mai takalmi ya taɓa masa sitiyari. Ya ce sai tafin ƙafa ya ji birki sannan za ka san ƙarfin da za ka ba shi. Na saba."

"To yau me ya sa ka sa?"

"Biki ne, Yallaɓai."

Ikrima ya ɗauki takalmin ya ajiye shi gefen ƙafar Talha. Ya fi ta da kusan yatsa biyu. Ƙafar kuwa duk faso, tafinta ya yi kauri kamar ƙirgi.

"Na wane ne?"

"Kyautar Alhaji ce."

"Ta yaushe?"

Talha ya kau da kai ya dubi katanga.

Bayan an mai da shi ciki, Ikrima ya durƙusa a ƙofar direba ya kunna fitilar wayarsa. An wanke shimfiɗar ƙasa, har yanzu da danshi, tana ƙamshin sabulu. An goge kujera da sitiyari. Amma wanda ya yi wankin tsaye ya yi shi, bai sunkuya ba. A cikin tsagin robar birki wani abu ya maƙale, kore mai duhu. A gefen totur kuma ga ɗan yagin baƙar leda.

Da farko ya zaci kashin shanu ne. Ya kankaro da farce, ya ɗiga masa ruwa, ya murza tsakanin yatsu biyu, ya kai hanci. Sai ya miƙe ya kira Kofur Hidaya.

"Shinshina."

Ta shinshina sau ɗaya. "Lalle ne, Yallaɓai. Har da lemon tsami a ciki."

"Haka na ji."

"Ledar kuma ta ƙunshi ce. Ita ake ɗaure ƙafa da ita kar ya bushe." Ta ɗan yi tsaki. "Amma gidan biki ne fa. Yau duk macen da ke gidan ƙafarta ja ce, har da masu girki."

"Ba dukansu suka iya mota ba."

Ya ninke yagin ledar a takarda ya sa a aljihu. Kafin ya isa ɗakin bincike, babban yatsansa ya fara yin ja.

Ya zauna gaban Talha ya ɗora hannun a kan tebur, yatsan a sama.

"Wa ka koya wa mota a gidan Alhaji?"

"Ni na tuƙa, Yallaɓai."

"Kana da iyali?"

"Ina da su. Alhaji ba zai bar su da yunwa ba."

"Shi ma wancan yana da su. Matarsa na asibiti tana jira a ba ta gawa. Ta ce har ta iso yana magana. Likita ya ce da an ɗauko shi a motar da ta buge shi, da yanzu yana kwance ana ba shi shayi."

Talha ya ɗago kai da sauri. "Ai an ce mini nan take ya cika."

"Wa ya ce maka?"

Fanka na juyawa a sama.

"Ba kai ne a wurin ba, Malam Talha? Wa zai ba ka labarin abin da ka yi da ƙafarka?"

Dattijon ya rufe fuska da tafin hannu. Kafaɗunsa suka ɗan girgiza. Amma da ya sauke hannun, abin da ya ce shi ne, "Ni dai ba za ka ji sunan kowa a bakina ba."

"Ban tambaye ka ba kuma," in ji Ikrima.

Rana ta yi sanyi lokacin da Ikrima da Hidaya suka isa gidan Alhaji Sherif. An kafa rumfuna a ƙofar gida, ana jera kujerun gobe. Daga ciki ana jin guɗa da kiɗa, ƙamshin turaren wuta ya cika layin. Alhaji ya hango kaki, ya taso da kansa ya shigar da Ikrima falon baƙi kafin mutane su ankara. Hidaya ta yi sallama ta wuce wajen mata.

"Sufeto, na zaci mun gama."

"Saura kaɗan. Mata nawa ke tuƙi a gidan nan?"

"Ko ɗaya. Ba na barin iyalina su taɓa mota. Don haka na ajiye direba."

"Ina makullin jif yake kwana?"

"Wajen Talha."

"In ya tafi masallaci fa?"

"Ai yau bai je ba."

"Takalmin da ke ƙafarsa naka ne?"

"Na ba shi tuntuni."

"Tuntuni, amma ƙasansa ko ƙwarzane babu."

Alhaji ya gyara zaman babbar rigarsa. "Sufeto, ni da maigidanka mun yi magana. Zan ɗauki nauyin iyalin mamacin, zan ɗauki na Talha. Me kake nema kuma?"

"Wanda ya tuƙa motar."

Labule ya motsa, Hidaya ta shigo. Ta ƙame, sannan ta yi magana yadda Alhaji zai ji.

"Yallaɓai, kowa a ciki ƙafa a waje, ana nuna zane. Mutum ɗaya ce da safa, cikin wannan zafin. Na kuma tarar da mai ƙunshi, Goggo Jumai, tana kwaɓa sabon lalle. Na ce na wane ne, ba an gama ba? Ta ce na amarya, ƙafar dama ta ɓaci, sai an sake."

Alhaji ya miƙe tsaye. "Ba wanda zai taɓa mini 'ya a daren bikinta!"

"Ba wanda zai taɓa ta. A kira ta nan, a gabanka. Ko kuma Kofur ta yi tambayar a can, gaban baƙinka. Zaɓi."

Alhaji ya leƙa ya aika a kira ta.

Munira ta shigo lulluɓe da mayafi, hannuwanta sun sha zane har gwiwar hannu. Ta durƙusa a gefen ƙofa ta gaishe su. Baƙar safa ce a ƙafafunta.

"Me ya sami ƙunshin ƙafarki?" Ikrima ya tambaya.

"Ruwa ne ya zube a kai."

"Ƙafa ɗaya kawai?"

"E."

"Kin fita yau?"

"Amarya ba ta fita, Yallaɓai."

"Kin iya mota?"

Ta saci kallon mahaifinta. "A'a."

Ikrima ya warware takardar ya ajiye yagin ledar a kan tebur. Ya ajiye jan yatsansa kusa da shi.

"Wannan a jikin totur na same shi. Wannan kuma daga birki na kankaro. Wanda muka tsare ba ya ƙunshi, ba ya ma sa takalmi in zai tuƙa."

"Kuka tsare?" Muryarta ta canja. "Ina Baba Talha?"

"Yana sel. Litinin kotu, daga nan gidan yari."

Ta juya gaba ɗaya ta fuskanci mahaifinta. "Abba, ce mini ka yi tara kawai za a ci shi, yau zai kwana a gida."

"Munira, rufe mini baki."

"Abba, shi ya riƙa kai ni makaranta tun ina aji ɗaya."

"Na ce ki yi shiru!"

Ba ta sake kallonsa ba. Ta zauna dirshan a ƙasa ta zare safar hagu. Zane ne mai kyau, furanni da layuka, ja wur har idon sawu. Ta zare ta dama. Babu zane. Jan ya dame ya bi ko'ina, tafin ƙafa da tsakanin yatsu da ƙauri, kamar ta taka cikin kwano.

"Faɗi yadda aka yi," in ji Ikrima. Hidaya ta buɗe littafinta.

"An gama ɗaure mini ƙafa ke nan aka bugo daga Katagum, aka ce kakata Yakaka ta faɗi, ba ta magana. Ita ta raine ni. Maza duk suna masallaci, har Baba Talha. Makulli na rataye a zaure. Na ce in na tsaya kwance ƙunshi da wankewa zan makara. Na zura silifan Abba a kan ledar na fita ta ƙofar baya."

"Wa ya koya miki mota?"

"Baba Talha, a ɓoye. Ya sha gaya mini, ko takalmi mai kama ƙafa, ko ƙafa ba komai, ban da silifa. Ban tuna ba."

"Kin ga shanun?"

"Tun daga nesa. Na taka birki, sai ƙafata ta sulale a cikin ledar, kamar na taka sabulu. Ta sauka a kan totur. Silifan ya fita ya shige ƙarƙashin birki. Na taka, na taka, ya ƙi."

"Amma can gaba kin tsaya."

"Na sa ɗayar ƙafar na fizgo silifan."

"Me kika gani a madubi?"

A cikin gida wata ta rangaɗa guɗa.

"Ya ɗaga hannu," ta ce.

"Sai kika yi me?"

"Na kama ƙofa zan buɗe. Sai na tuna gobe. Na ce in na fito a haka, kafin magariba duk Azare ta ji." Ta share ido da bayan hannu. "Na juyo. Da na gaya wa Abba, ya ce tunda zamewa ce, sai a ce takalmi ne ya zame. Ya shiga ɗaki ya ɗauko nasa."

"Yakaka fa?"

"Jiri ne ya kwashe ta. Ta tashi. Tana hanya ma."

Wayar Ikrima ta fara ruri a aljihu. Ya duba, Di-Pi-O ne. Ya mai da ita aljihun, ta ci gaba da ruri har ta gaji.

"Tashi ki sa takalmi," in ji Hidaya. "Mai kama ƙafa."

Suka fita ta ƙofar gefe, inda motar 'yan sanda ke jira. Hidaya ta shiga baya, Munira ta bi ta, ta ja mayafi ta rufe fuska. Sandar kiwon da malfar suna nan a bayan motar, ba a sauke su ba.

Alhaji ya biyo su ba hula. Ya riƙe ƙofar da hannu biyu, muryarsa ta yi ƙasa.

"Sufeto, don girman Allah. Mutane sun zo daga Maiduguri, sun zo daga Damaturu. Bari a ɗaura auren nan gobe. Jibi ni da kaina zan kawo ta."

"A ɗaura," in ji Ikrima. "Waliyyi da shaidu ake nema a wajen ɗaurin aure, ba amarya ba. In an shafa fatiha, kai ma ka same ni a ofis, akwai maganar takalmi."

Ya cire hannun Alhaji daga jikin motar, ya tura ƙofa ta rufu.

"Yau ita za ta kwana a wurinmu," ya ce. "Talha zai kwana a gidansa."